Manomin gyaɗa da matarsa, da ƙauyen da suka ƙi bari

Ranar da aka ba da labarin rasuwar Jimmy Carter, a ƙarshen watan Disamba na 2024, sanyin Jos yana kan ganiyarsa, irin wanda sai hantsi ya dubi ludayi kafin mutum ya yarda ya taɓa ruwa. Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga ƙauyenmu na ƙasar Wase domin a duba mata ido, tana zaune a tsakar gida tana jin ɗumin kaskon gawayi, rediyo kuma yana ta maimaita sunan mamacin. Ta tambaye ni ko wane ne wannan da ake ta ambato. Na ce mata tsohon shugaban Amurka ne, ya rasu yana da shekara 100 cif. Ba ta ce uffan ba, domin sarautar Amurka ba ta taɓa zama abin da ya dame ta ba. Da na ƙara da cewa shi ne mutumin da ya ɗauki nauyin yaƙi da kurkunu, sai ta ɗage zanenta kaɗan daga idon sawunta na hagu, ta nuna mini tabon da na sani tun ina yaro, ta ce, "Ashe kuwa, ɗana, na san aikinsa, ko da ban san shi ba."

'Ya'yanmu da aka haifa a birni ba su san kurkunu ba, kuma ina yi wa Allah godiya a kan haka. Cuta ce da ake ɗauka a ruwan tafki da na kududdufi, inda wasu ƙananan ƙwari suke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Mutum zai sha ruwan ya manta, sai bayan kimanin shekara guda ƙafarsa ta yi bororo mai zafi kamar an ɗora garwashi, bororon ya fashe, farar tsutsa ta leƙo, wadda tsawonta kan kai mita guda. Ba ta da allurar riga-kafi, ba ta da ƙwayar sha. Gwaggo ta ce da tsinke ake naɗe ta kaɗan-kaɗan kowace safiya, a yi makonni ana lallaɓawa, domin idan ta tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura ta ruɓe. Mafi muni shi ne lokacin da take fitowa, wato da damina, sa'ad da gona take neman kowane hannu. A shekarar da ta kwanta, in ji ta, ciyawa ce ta cinye rabin gyaɗarsu.

Binciken da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya gano mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da cutar, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Cibiyar Carter, wadda shi da matarsa Rosalynn suka kafa a 1982, ta shiga aikin tare da ma'aikatar lafiya, a ƙarƙashin shirin da mutane suka fi sani da Global 2000, kuma ta daɗe da ofishi a nan Jos. Janar Yakubu Gowon, ɗan wannan jiha tamu, ya bi ƙauyuka yana roƙon sarakuna da gwamnoni su haƙa rijiyoyi, su hana mai ciwo shiga tafki. An ga mutum na ƙarshe mai cutar a ƙasar nan a 2008, kuma a Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da ita. Abin da Gwaggo ta sani daga duk wannan shi ne wani saurayi ɗan ƙauyen mai littafi a hammata, da wani farin ƙyalle da aka ba ta ta riƙa ɗaurawa a bakin randa kafin ta juye ruwa.

Maganar tata ce ta sa na zauna na karanta tarihin mutumin da na matarsa, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda suka zaɓa su zauna. Garinsu Plains, a kudancin jihar Jojiya, ƙidayar 2020 ta samu mutum 573 ne kawai a cikinsa, wato bai kai wata ƙaramar unguwa ta Gangare ko Dilimi ba. A nan aka haifi Jimmy a 1924, aka haifi Rosalynn a 1927, kuma mahaifiyarsa Lillian, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin waɗanda suka karɓi haihuwar yarinyar da za ta zama surukarta. Ya tashi a wata gona da ke Archery, 'yar tazara daga garin, a gidan da bai samu wutar lantarki ba sai 1938. Tun yana ɗan shekara biyar yake dafa gyaɗa ya ƙulla ta, ya taka zuwa cikin gari yana talla. Duk Bahaushen da ya taɓa ɗora tire a kai, ko ya ji labarin dalar gyaɗa ta Kano daga bakin kakansa, zai ga wannan yaro bai yi masa nisa ba.

Sun yi aure a watan Yuli na 1946, yana sabon hafsan sojan ruwa, suka bar ƙauye suka zaga manyan garuruwa na bakin teku. Da mahaifinsa ya rasu a 1953, sai ya ajiye aikin da ake ganin zai kai shi nesa, ya ce gida za su koma. Rosalynn ba ta ɓoye ba daga baya cewa ranta ya ɓaci ƙwarai, har kusan ba ta yi masa magana ba a duk tsawon tafiyar. Ina ganin wannan ɓacin rai ya cancanci a tsaya a kansa, domin yakan faɗi a ƙasa idan ana ba da labarin manyan maza. Yarinya ce da mahaifinta ya rasu tana da shekara 13, ta taya mahaifiyarta ɗinki da renon ƙanne, ta san ƙuncin ƙaramin gari inda kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa, ta samu ta fita, sai ga shi an ce ta juyo. Da suka dawo da 'ya'ya uku, a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka fara zama, fari kuma ya lalata amfanin shekarar farko. Ita ce ta koyi lissafin kuɗi ta riƙe littattafan ɗakin ajiyar gyaɗarsu, har ta kai ta fi mijin sanin wace harka ke kawo riba, wace ce ke cin jari. Ƙauyen da aka dawo da ita cikinsa ba da son ranta ba, ita ce daga baya ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙansa.

Siyasa ta ɗauke su zuwa majalisar jiha, sannan gidan gwamna a Atlanta daga 1971, sannan Fadar White House daga 1977 zuwa 1981, a matsayin shugaba na 39. A cikin wannan wa'adi ne suka zo Legas a 1978, zamanin Janar Obasanjo. Ronald Reagan ya kayar da shi a zaɓen 1980, lokacin Carter yana da shekara 56, kuma da suka duba kasuwancin gyaɗar da suka bari a hannun amintattu, sai suka tarar da bashin da ya haura dala miliyan guda, dole suka sayar. Hanyar kuɗi a buɗe take ga tsohon shugaban Amurka, ta kujerun manyan kamfanoni da jawabai masu tsada. Su kuwa sai suka koma gidan da suka gina a 1961, wanda shi kaɗai suka taɓa mallaka, suka ci gaba da zama a ciki shekara arba'in da 'yan kai, har mutuwa ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a cikinsa, ita a Nuwamban 2023, bayan shekara 77 na aure.

Zaman nan nasu shi ne ya riƙe garin, kuma na fi son in bi shi dalla-dalla. A 1987 majalisar dokokin Amurka ta ayyana wasu wurare na Plains a matsayin wuraren tarihi na ƙasa. Makarantar sakandaren da su biyun suka yi ta zama gidan adana kayan tarihi da masaukin farko na baƙi. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda ta zama hedikwatar yaƙin neman zaɓensa na 1976, an bar ta yadda take, da katakonta. Gonar Archery kuwa an mayar da ita kamanninta na kafin zuwan lantarki, da shagon da mahaifinsa yake sayar wa manoma kaya, da maƙera, da injin jawo ruwa mai aiki da iska, ana kuma ci gaba da shuka gyaɗa da auduga da rake domin yaran makaranta su gani da idonsu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba gidan maigida kaɗai aka adana ba. An bar ɗan ƙaramin gidan Jack Clark da matarsa Rachel, baƙaƙen fata ma'aikatan gonar, waɗanda Carter ya sha kwana a ɗakinsu yana yaro, ya kuma sha faɗin cewa Rachel tana cikin waɗanda suka tarbiyyantar da shi. A zamanin wariyar launin fata aka yi wannan rayuwa, kuma wanda ya shiga ɗakin ya kwatanta shi da na maigida zai fahimci zamanin ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Shi kansa Carter, da ya dawo gida a shekarun 1950, ya ƙi shiga ƙungiyar fararen fata masu kare wariya, har wasu suka ƙaurace wa kasuwancinsa. Mutumin da ya ɗanɗana wannan ba zai yarda a share wancan ɗaki daga tarihin gonar ba.

Sauran ayyukan ƙanana ne a ido. Sun sa hannu an gyara wani tsohon gini a babban titin garin ya zama masauki a sama, shagon tsofaffin kaya a ƙasa, Rosalynn ta taya zaɓen kayan ɗakunan, kowane ɗaki da adon wani zamani daga shekarun 1920 zuwa na 1980. Duk watan Satumba ana bikin gyaɗa, su biyun kuma, da suna raye, sukan fito a gan su, wanda hakan kaɗai ya isa ya jawo baƙi su cika garin su yi ciniki. Ya daɗe yana koyar da darasin Lahadi a ƙaramar majami'arsu ta Maranatha, mutane suna tahowa daga nesa su kwana a mota don su samu wurin zama, kuma shi da kansa, da yake kafinta ne, ya sassaƙa wasu daga cikin kayan majami'ar. Rosalynn ta fara shuka furanni saboda malam-buɗe-littafi a lambunta, abin ya yaɗu ya zama jerin lambuna a gari da wajensa. A 2017 suka ba da hayar fili mai faɗin eka 10 daga gonarsu aka kafa faifan hasken rana da ke samar da kimanin rabin wutar da garin yake buƙata. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da mutum zai iya yi daga nesa ta hanyar aike. Sai wanda yake zaune, yana halartar taron unguwa, ya san wane rufi ne yake yoyo.

Daga wannan ƙaramin gida ne kuma suke tashi su tafi ƙauyukan Afirka, kuma na yi imani cewa alaƙar a bayyane take. Wanda ya tashi yana ɗebo ruwa, ya san abin da ake nufi da a rasa hannu ɗaya a lokacin noma, shi ne zai kalli cutar da ba ta kashe mutanen birni ya ce ta isa a ba ta shekara talatin da ɗoriya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi suna fama da kurkunu a duniya, a 'yan shekarun nan kuwa ba su kai ashirin a shekara ba. A jihohin Filato da Nasarawa, aikin cibiyar da ma'aikatan lafiya ya kai ga sanarwar kawar da tundurmi a 2017, sannan aka dakatar da rabon maganin makantar bakin kogi a 2018 saboda an katse yaɗuwarta. Da yawa daga cikinmu mun tuna sandar nan mai launi-launi da ake jingina yaro da ita a auna tsayinsa kafin a ƙirga masa ƙwayoyi.

Da na gama karatun nan sai tunanina ya koma gida. A nan Jos muna da gidan tarihi tun 1952, kuma a gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Na sha kai 'ya'yana can, kuma kowane zuwa nakan ji wani abu ya tokare ni, domin ina nuna musu kwaikwayon ginin ƙasa alhali na gaskiyar yana zubewa a ƙauyen kakansu. Manyanmu na farko ba a bar su haka ba: gidan Sardauna a Kaduna ya zama Arewa House, gidan Malam Aminu Kano ya zama cibiyar Mambayya, kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan a Bauchi ana ziyarta, Shehu Shagari kuma an kai shi garinsu Shagari aka binne a 2018. Amma akasarin abin da muka adana a birane yake, kuma na shugaban ne shi kaɗai. Ba mu cika adana maƙerar garin da ya fito ba, ko marinar, ko ɗakin matar da ta goya shi. Matan ma sau da yawa ko sunansu ba ya shiga littafi, alhali a wurinsu abin gadon yake: irin dawa da na gyaɗa da suke ɓoyewa a tulu daga shekara zuwa shekara, waƙoƙin daka da na niƙa, da sanin wane ne ya auri wace tun kaka da kakanni.

A hanyar zuwa ƙauyenmu akwai wani gari da ya fitar da babban mutum, wanda ya riƙe muƙamai a Abuja shekaru masu yawa. Ya gina gida a bakin titi, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, kuma a duk wucewar da nake yi ban taɓa ganin kowa a ciki ba sai maigadi. Akan buɗe shi idan an yi rasuwa ko zaɓe ya matso. Taku kaɗan daga katangar, tsohon masallacin ƙasa na garin, mai azara da ginshiƙai masu kauri waɗanda mutum biyu ba za su rungume ba, an rushe shi an yi na bulo da kwano, wanda da azahar ba ya zaunuwa saboda zafi. Ba da mugun nufi aka yi ba, neman lada aka yi. Sai dai da a ce mai kuɗin yana kwana a garin, yana salla a cikin sanyin wancan gini, da wataƙila ya gina sabon a gefe ya bar tsohon, ya nemo maginan da suka rage su koya wa samari yaɓe da makuba.

Dole in yi adalci a nan. Carter ya koma ƙauyen da yake da titi da wuta da ruwa, da asibiti a garin Americus mai nisan 'yan mintoci, da fansho, da jami'an tsaro a ƙofar gida dare da rana. Wanda zai ce wa dattijo ya koma wani ƙauye na Filato ko Zamfara a yau, inda ake kwana da ido ɗaya, ya san ba ƙaramin abu yake nema ba. Kawuna, da na yi masa wannan magana, ya ce, "Kai yaro, wa ya ƙi gida? Tsoro ne ya kore mu, da rashin likita." Gaskiyarsa ne, kuma ban musa masa ba. Abin da na ce masa kawai shi ne, "Kawu, ai waɗanda nake magana a kansu su ne aka damƙa wa amanar titin da asibitin da tsaron, kuma da sun san can za su tsufa, da sun yi aikin da wata irin zuciya." Haka kuma zaman su Carter bai mayar da Plains birni ba, jama'arta ma raguwa suka yi, matasa suna tafiya neman aiki kamar ko'ina. Abin da zaman ya yi shi ne ya hana garin zama kufai, ya kuma bar wa mutanensa dalilin ɗaga kai idan an tambaye su daga ina suke.

A farkon Janairun 2025, da aka ɗauko gawarsa za a kai ta Atlanta sannan Washington, ayarin ya tsaya a gaban gonar Archery, aka kaɗa tsohuwar ƙararrawar gonar sau 39. Ita ce wadda Jack Clark yake kaɗawa kafin gari ya waye domin a tashi a ɗaura wa alfadarai kayan noma. Bayan an gama taron manya a babban birni, Plains aka dawo da shi, aka binne shi kusa da Rosalynn a harabar gidansu, gidan da tun suna raye suka bayar domin ya zama na tarihi.

Da idon Gwaggo ya warke, ni na mayar da ita gida da kaina, maimakon in sa ta a mota a tasha kamar yadda na saba, na kuma kwana uku. Na tarar da rumbun kakanmu ya tsage daga wuya har gindi, jinkarsa ta zube gefe guda, kaji suna kwana a ciki. Mutum ɗaya ne ya rage a ƙauyen wanda ya iya ginin rumbu irin na da, kuma ya tsufa, amma ya ce idan aka kwaɓa masa ƙasa aka bar ta ta kwana yadda ya kamata, aka ba shi samari biyu masu jin magana, zai tsaya a kansu. Mun yi da shi za a fara kafin ruwan farko. Da dare na ajiye wayata a kan tabarma na roƙi Gwaggo ta faɗi sunayen gonakinmu da na matan gidan tun daga kakar kakarta, ta yi ta jero su har fitila ta fara lumshewa, wasu sunayen ban taɓa jin su ba. Da safe, ina shirin tafiya, ta buɗe tsohuwar kwallarta ta ciro wani abu a naɗe cikin leda. Ƙyallen tace ruwan ne, ya yi ja saboda tsufa, da igiyarsa a jiki. Ta ce in kai wa jikokinta su gani, amma in dawo mata da shi idan zan zo aikin rumbu.